Echeverría: Sunan Gida da Ya Zama Sunan Dangi

A shekarar 1841 sojoji suka yi wa gwamnatin Meziko bore. A watan Satumba shugaban ƙasa Anastasio Bustamante ya fita da kansa don ya jagoranci dakarunsa, ya bar kujera a hannun wani attajiri haifaffen garin Jalapa wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar kuɗi, Francisco Javier Echeverría. Riƙon nasa bai kai mako uku ba, kuma yau ko a Meziko ba kowa ke tuna shi ba. Sunansa ne ya sa na fara da shi. A ra'ayin mafi yawan masana harshe, Javier da Echeverría asalinsu ɗaya. Suna guda ne da ya fito daga tsaunukan arewacin Sifaniya, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi tafiyarsa ta ɗaruruwan shekaru, sannan suka haɗu a kan mutum ɗaya a wata nahiyar daban.

Duk wanda ya ji Echeverría zai ce sunan Sifaniyawa ne, kuma bai yi kuskure ba, domin da rubutun Sifaniyanci ya shiga duniya. Amma kalmar ba ta da wata ma'ana a Sifaniyanci. Ta mutanen Basque ce, ko mu ce Baskawa, waɗanda ƙasarsu take inda tsaunukan Pyrenees suka gangaro bakin Tekun Atlantika. Larduna bakwai ne: Bizkaia, Gipuzkoa, Araba da Navarra a cikin Sifaniya, sai uku ƙanana a cikin Faransa. Harshensu, euskara, ba shi da ɗan'uwa a cikin harsunan da ake magana da su a yau, kuma yana nan tun kafin Rumawa su iso da Latin. Masu jin sa sun haura 750,000. Masu ɗauke da sunayen da suka fito daga cikinsa kuwa sun ninka haka sau da yawa, galibinsu a Latin Amurka, kuma akasarinsu ba su san ko kalma ɗaya ta harshen ba.

Da rubutun Baskanci na yau, sunan shi ne Etxeberria. Haruffan tx ana furta su kamar c ta Hausa, wato Eceberriya. Etxe gida ne, berri sabo, harafin a na ƙarshe kuma yana nuna cewa wani sanannen gida ake nufi. Ma'anar dai ita ce Sabon Gida, daidai da ƙauyukan da muke da su masu wannan suna birjik a ƙasar Hausa. Duk Bahaushe ya san cewa mutumin Sabon Gidan nan da na Sabon Gidan can ba lallai ne su haɗa komai ba, kuma ya san cewa ƙauye zai shekara ɗari ana ce masa Sabon Gida. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin tarihin Echeverría.

Gida ne ke da suna

A gefen ƙasar Baskawa da ke fuskantar teku, mutanen karkara ba sa cunkushewa wuri guda. Gidajen gona ne a warwatse a jikin tsaunuka, kowanne da gonarsa da makiyayarsa da ɗan dajinsa. Suna kiran irin wannan gida baserri. Gini ne babba, ƙasansa dutse, samansa katako, da rufi mai faɗi da ya gangaro gefe biyu saboda yawan ruwan sama. Shanu suna kwana a ƙasa, bango ɗaya ne tsakaninsu da madafa, ɗumin jikinsu yana taimaka wa mutanen gida a lokacin sanyi. A can sama ake jibge ciyawa da hatsi. Wasu gidajen ƙarni na 16, irin su Igartubeiti da ke Gipuzkoa wanda yanzu aka mayar da shi gidan tarihi, an gina su ne a kewaye da wata ƙatuwar na'urar katako ta matse tuffa, ta yadda na'urar da ƙashin ginin suka zama abu ɗaya.

Kowane irin wannan gida yana da sunansa, kuma sunan yakan faɗi inda gidan yake ko yadda yake. Goikoetxea shi ne gidan da ke sama, Bengoetxea na ƙasa. Ibarra yana cikin kwari. Iturbide yana kan hanyar idon ruwa. Masu kallon ƙwallo sun daɗe suna furta irin waɗannan sunaye: Zubizarreta wurin tsohuwar gada ne, Oyarzabal daji mai faɗi, Zubimendi gada da tsauni, Arteta kuma wuri ne mai yawan wani itace da ake kira arte. Idan maƙwabta za su ambaci mutum, sai su faɗi sunansa na yanka su haɗa da sunan gidan da yake zaune. Idan ya tashi ya koma wani gida, sunan sabon mazauninsa ne zai bi shi. Namijin da ya auri magajiyar wani gida ya tare a can, da sunan gidan matarsa za a san shi, haka ma 'ya'yansa.

Har a coci gida ne ke da wuri. Kowane gida yana da gurbinsa a daɓen cocin ƙauye, inda a da ake binne mamatansa. Uwargida, wadda suke kira etxekoandre, ita ke zama a wannan gurbi ranar ibada, ta kunna wani siririn kyandir da aka nannaɗe a jikin ɗan allo, don tunawa da waɗanda suka riga mu. A garin Amezketa har yanzu ana ganin wannan al'ada. Gurbin nan yana bin gidan duk hannun da ya shiga. Haka aikin gayya na gyaran hanya, haka zama a taron ƙauye: da gidaje ake lissafi.

To, abin da ya riƙe wannan tsari shi ne yadda suke gado. Ba a raba gida. Gonakin ƙanana ne, a jikin gangare suke, idan aka yanyanka su tsakanin 'ya'ya biyar babu wanda kasonsa zai ciyar da shi. Saboda haka mutum ɗaya ne ke gadon komai: gini, gona, dabbobi, gurbin coci. A wasu yankunan gefen Faransa ɗan fari ne ke gado, mace ce ko namiji. A Bizkaia da Navarra iyaye ne ke zaɓar wanda suka ga ya fi iya riƙo. Dokar Navarra ta tanadi wata ƙa'ida da ake rubutawa a takardar wasiyya, cewa an bar wa kowane ɗaya daga cikin sauran 'ya'ya sulalla biyar na tsohon kuɗi da ɗan yanki na ƙasa a dajin da yake mallakar jama'a. Babu mai zuwa karɓa. An rubuta ne kawai don a nuna cewa ba a manta da su ba, an dai cire su ne da sani.

A aikace iyaye sukan yi ƙoƙari su ba wanda aka cire wani abu: kayan aure ga 'ya mace, kuɗin koyon sana'a ko kuɗin jirgi ga namiji. Wanda bai yi aure ba yana da damar ya zauna a gidan har mutuwarsa, yana yi wa ɗan'uwansa aiki. Duk da haka tsari ne mai tsauri, kuma ban ga yadda za a sassauta faɗin haka ba. Ya raya gidaje na tsawon ƙarnoni, amma a kowane zamani ya riƙa fitar da mafi yawan 'ya'yan da aka haifa a cikinsu. Wasu suka zama limaman coci, wasu maƙera, wasu matuƙa jirgin ruwa da masu farautar kifin whale har gaɓar Kanada. Wasu kuma suka samu ɗan fili a kusa, suka kafa nasu gini. Maƙwabta suka dubi wannan gini da bai da tsohon suna, suka ce Etxeberria.

Wannan ya faru a kwari bayan kwari, musamman a lokutan da jama'a ta ƙaru, kamar ƙarni na 17 da masara ta iso daga Amurka ta ba da damar noma wuraren da a da ba sa ciyar da iyali. Shi ya sa sunan ba shi da kaka ɗaya. Kuma kowane yanki da irin bakinsa. A yamma, wato Bizkaia da Araba, barri suke cewa maimakon berri, sai aka samu Etxebarria, wanda ya zama Echevarría. A Gipuzkoa da Navarra aka samu Echeverría. A gefen Faransa, inda magatakarda ke rubutu da ƙa'idar Faransanci, ya zama Etcheverry da Etcheberry. Akwai ma inda farkon kalmar ya guntule aka samu Chávarri. Akwai garuruwa sukutum masu sunan: Etxebarri a gefen Bilbao, Etxebarria a gabashin Bizkaia, da Javier a Navarra.

Yadda alƙalami ya ɗaure shi

Har zuwa ƙarni na 16 sunan mutum bai da tsayayyen tsari. Abin da aka fi yi shi ne a haɗa uku: sunan yanka, sai wani suna irin na uba, sai na gida. Wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit ta limaman cocin Katolika, sunansa na asali Íñigo López de Loyola, kuma Loyola sunan gidansu ne a kusa da Azpeitia. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sukan tashi da sunaye mabambanta, wani ya ɗauki na gidan uba, wani na gidan uwa. A Araba irin wannan dogon suna ya wanzu, shi ya sa har yau ake jin su Ortiz de Zárate. A Gipuzkoa da Bizkaia kuwa na tsakiyan ya faɗi a hankali, na gida ya rage.

Abu biyu ne suka daskarar da shi. Na farko rajistar coci. Babban taron cocin Katolika da aka yi a Trento, wanda ya ƙare a 1563, ya wajabta wa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure. Limaman ƙauyukan nan da yawansu Baskawa ne, amma da Sifaniyanci suke rubutu, sai suka rubuta abin da kunnensu ya ji da haruffan da suka iya: ch a wurin sautin c, b ko v yadda hannu ya kai, tunda a Sifaniyanci sautinsu ɗaya ne. A littafi guda za a iya samun uba Echeberria, ɗansa Echeverria. Da tafiya ta yi nisa sai yaro ya fara ɗaukar sunan da aka rubuta wa ubansa, ko da an haife shi a wani gida daban. Daga nan sunan ya rabu da ginin.

Na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi kuɗi da matsayi. A Sifaniyar wancan zamani mutane kashi biyu ne: talakawa masu biyan harajin kai, da 'yan asali da ake kira hidalgo, waɗanda ba sa biya, ba a ɗaure su saboda bashi, ba a gana musu azaba wajen bincike, kuma ƙofar muƙaman sarauta a buɗe take gare su. Kundin dokokin Bizkaia na 1526 ya ce duk ɗan asalin Bizkaia hidalgo ne, manomi ne ko maƙeri. Gipuzkoa ta samu irin wannan amincewa daga sarki a farkon ƙarni na 17. Sharaɗin shi ne mutum ya tabbatar da cewa daga wani sanannen gida na lardin ya fito. Idan ɗan Bizkaia ya je Sevilla ko Madrid aka nemi a saka shi cikin masu biyan haraji, sai ya kai ƙara babbar kotun Valladolid, inda aka ware zaure na musamman don shari'un mutanen Bizkaia. A aika ƙauyensu, a tara dattawa su rantse cewa sun san ubansa da kakansa, kuma daga gida kaza suka fito. Ka ga ke nan saurayin da aka cire daga gado, wanda bai fita da ko akuya ba, ya fita da abu ɗaya mai daraja: sunan gidan. Da shi zai samu aikin magatakarda, da shi zai samu izinin ƙetare teku. Baskawa suka cika ofisoshin sarakunan Sifaniya har ana kiran sakatare da sunan ɗan Bizkaia.

Wannan gata yana da baƙin gefe, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Kundin na 1526 ɗin nan da ya ɗaukaka kowane ɗan Bizkaia, shi ne kuma ya hana duk wanda ya fito daga zuri'ar Musulmi ko Yahudawa zama a lardin, ko da kakanninsa sun karɓi Kiristanci. Shekara 34 ke nan kacal bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492. Hujjar Baskawa ita ce jininsu bai gauraya ba, kuma don hujjar ta tsaya dole su toshe ƙofa. Takardar da ta buɗe wa ɗan gidan Etxeberria hanyar Amurka, ita ce irin takardar da ta rufe ta ga jikokin mutanen Andalus, waɗanda daga ƙarshe aka kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Darajar da sunan ya samu a wancan zamani a kan wannan wariya aka gina ta.

Reshen Javier

A gabashin Navarra, wajen iyaka da Aragon, akwai wani katafaren gidan dutse mai hasumiyoyi da ake kira Xavier, ko Javier a rubutun yau. Baskanci ya daɗe da janyewa daga wannan yanki, bakin mutane ya lanƙwasa tsohon sunan Etxaberri har ya koma haka. A nan aka haifi Francisco Xavier, shahararren mai wa'azin Kiristanci, ranar 7 ga Afrilu 1506. Ubansa Juan de Jasso babban jami'i ne a fadar sarkin Navarra. Uwarsa María de Azpilcueta ita ce magajiyar gidan. Duniya ba ta san yaron da sunan ubansa ba, da sunan gidan uwarsa ta san shi, kamar yadda al'adar ta tanada.

Shi ne auta, kuma ya tashi a lokacin da gidan ke cikin wahala. A 1512 sojojin sarki Fernando na Aragon suka ci Navarra, yayyen Francisco maza suka goyi bayan sarkin da aka kora, a 1516 kuma aka ba da umarnin rushe hasumiyoyin gidan. Babu abin da zai gada. A 1525 ya tafi karatu Paris, inda ya haɗu da Íñigo na Loyola, shi ma auta ne a gidansu. Suna cikin mutum bakwai da suka yi alkawari a Montmartre ta Paris a 1534, wanda daga shi ƙungiyar Jesuit ta samo asali. Francisco ya bar Lisbon a 1541, ya isa Goa ta Indiya a 1542, ya shiga Japan a 1549, ya mutu a wani tsibiri da ke bakin gaɓar Sin a Disamba 1552. Bayan cocin Katolika ya saka shi cikin waliyyansa a 1622, iyaye suka fara raɗa wa 'ya'yansu Francisco Javier, daga baya Javier kaɗai. Ta haka sunan gida ya koma sunan yanka. Xavi na Barcelona, Xabi Alonso, Javier Zanetti, da shugaban Ajantina Javier Milei duk daga wannan gidan dutse sunansu ya fito.

Ƙetaren teku

Reshen Echeverría ya bi jiragen ruwa ne. Hanyar sananniya ce: kawu ya je Meziko ko Lima ko Buenos Aires ya kafa kanti, ya aiko a turo masa ɗan ɗan'uwansa daga ƙauye, yaron ya yi shekaru yana tsaron kanti, daga ƙarshe ya auri 'yar gidan ya gaji kasuwancin, shi ma ya aika a turo masa wani. A manyan birane Baskawa suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, a 1728 kuma 'yan kasuwar Gipuzkoa suka samu kamfanin da ya riƙe cinikin koko na Venezuela shekaru da dama. A ƙarni na 19 aka sake wani sabon kwararo, wannan karon na talakawan manoma da makiyaya, saboda yaƙe-yaƙen basasa na 1833 da 1872, da soke tsofaffin dokokin lardunan a 1876 wanda ya kawo aikin soja na dole. Daga gefen Faransa ma dubbai suka nufi Uruguay da Ajantina tun daga shekarun 1830, wasu daga baya suka zama makiyayan tumaki a Nevada da Idaho ta Amurka.

Kowace ƙasa ta riƙe irin rubutun da ya iso mata. A Antioquia ta Kolombiya Echeverri ne ya yaɗu. A Bolibiya akwai Marco Etcheverry, gwarzon ƙwallonsu da ya kai su gasar cin kofin duniya ta 1994, da rubutun gefen Faransa. A Ajantina, Esteban Echeverría, wanda aka haifa a Buenos Aires a 1805, ɗan wani ɗan kasuwa daga ƙasar Baskawa, ya zama ɗaya daga cikin iyayen adabin ƙasar, ya yi adawa da mulkin kama-karya na Rosas, ya mutu yana gudun hijira a Montevideo a 1851. A Kyuba, José Antonio Echeverría shugaban ɗalibai ne da aka kashe a Havana ranar 13 ga Maris 1957 yana yaƙi da gwamnatin Batista, kuma babbar jami'ar fasaha ta birnin tana ɗauke da sunansa. A Meziko kuwa sunan yana da ɗaci a bakin mutane da yawa. Luis Echeverría shi ne ministan cikin gida lokacin da aka karkashe ɗalibai a dandalin Tlatelolco da ke birnin Meziko ranar 2 ga Oktoba 1968, ya mulki ƙasar daga 1970 zuwa 1976, an yi masa ɗaurin talala a 2006 a kan wancan kisa, kotu ta sallame shi a 2009, ya mutu a 2022 yana da shekara 100.

Wanda ya fi kai sunan nesa ba ɗan siyasa ba ne. Atanasio Echeverría y Godoy matashi ne mai zane a Meziko, aka ɗauke shi cikin tawagar binciken tsirrai da sarkin Sifaniya ya tura a ƙarshen ƙarni na 18 ƙarƙashin Martín Sessé. Zane-zanensa suka kai hannun masanin tsirrai na Geneva, de Candolle, wanda ya yaba da su har a 1828 ya raɗa wa wani jinsin tsiro sunan Echeveria. Shi ne ɗan tsiron nan mai kaurin ganye da ke jeruwa kamar fure, wanda masu sayar da shuke-shuken ado ke jerawa a ƙananan tukwane a ko'ina cikin duniya.

Akwai kuma waɗanda sunan Baskanci ya hau kansu ba tare da sun haɗa jini da kowa a can ba. A ƙasashen da Sifaniya ta mallaka, 'yan asalin ƙasa sukan ɗauki sunan ubangidansu ko na wanda ya tsaya musu a baftisma, bayi kuma a rubuta su da sunan mai su. Misali mafi bayyana shi ne na Julián de Zulueta, ɗan Araba, wanda ya yi arziki da fataucin bayi daga Afirka da gonakin rake a Kyuba a ƙarni na 19. An soke bauta a tsibirin a 1886, kuma har yau akwai baƙaƙen fata 'yan Kyuba da yawa da ke amsa sunan Zulueta. Duk wanda zai ba da tarihin sunayen Baskawa a Amurka ya tsaya a kan 'yan kasuwa da shugabanni kaɗai, ya bar waɗannan mutane a waje, bai ba da shi cikakke ba.

Komawa ga tx

A Sifaniya kanta, dokar rajistar farar hula ta 1870 ta gama ɗaure abin da coci ya fara: kowa da suna biyu, na farkon uba da na farkon uwa, da rubutun da ba ya canjawa. Bayan shekaru kaɗan, ma'adinan ƙarfe da masana'antun Bilbao suka jawo dubban ma'aikata daga sauran Sifaniya. Sabino Arana, wanda ya kafa jam'iyyar kishin Baskawa a 1895, ya mayar da sunan dangi ma'aunin tsarkin asali, har ƙungiyar da ya fara kafawa a Bilbao ta riƙa jera mambobinta daraja-daraja gwargwadon yawan sunayen Baskanci da ke cikin nasabarsu. A ganina wannan juya al'adar ne a bai-bai. Tsohon tsarin ya ba baƙon da ya shigo gida sunan gidan. Arana ya ɗauki sunan ya mayar da shi shinge.

Sai kuma matsi ya zo daga ɗaya ɓangaren. A 1938, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, gwamnatin Janar Franco ta hana rubuta sunan yanka da ba na Sifaniyanci ba a rajista, aka kuma kori Baskanci daga makarantu da ofisoshi. Duk da haka hukumar harshen, Euskaltzaindia, ta yi taro a Arantzazu a 1968 ta aza harsashin daidaitaccen rubutu. Franco ya mutu a 1975. A 1977 doka ta halatta sunayen yanka a sauran harsunan ƙasar, a 1999 kuma wata doka ta ba mutum damar ya je ofishin rajista ya gyara rubutun sunan danginsa ya dace da harshen da sunan ya fito. Mutane da yawa suka mayar da Echeverría zuwa Etxeberria, wasu suka bar nasu yadda suka gada, har ta kai ana samun 'yan'uwa a gida ɗaya kowa da irin rubutunsa. Masu bin gasar Sifaniya sun san sabon rubutun a jikin Joseba Etxeberria, ɗan garin Elgoibar, wanda ya buga wa Athletic Bilbao wasa sama da 500 kuma ya buga kakarsa ta ƙarshe, ta 2009 zuwa 2010, ba tare da karɓar albashi ba.

Ita wannan ƙungiya, da ba ta ɗaukar kowa sai wanda aka haifa ko ya koyi ƙwallo a ƙasar Baskawa, ba ta duba sunan dangi. Iñaki Williams, wanda aka haifa a Bilbao a 1994, iyayensa 'yan Ghana ne da suka ƙetare Sahara, yana buga mata wasa tare da ƙanensa Nico. Sunayen dangi da suka fi yawa a lardunan a yau ma su ne irin su García da Fernández da González, Etxeberria kuma yana cikin na gaba-gaba ne a jerin waɗanda asalinsu Baskanci ne. Kalmar da Baskawa ke kiran kansu da ita, euskaldun, tana nufin mai jin harshen.

Ga mai wannan suna a Meziko ko Chile da ke son gano asalinsa, kasuwa cike take da masu sayar da tambarin dangi a cikin firam, da rubutu a ƙasa cewa wannan shi ne tambarin Echeverría. Babu irin wannan abu. Tambari na wani gida ne takamaimai a wani ƙauye takamaimai, kuma gidajen da ake kira Etxeberria suna da yawa ƙwarai, mafi yawansu ba su taɓa mallakar tambari ba. Hanyar da ke kai mutum ita ce ya bi takardu daga inda yake yana komawa baya, har ya kai ga kakan da ya sauko daga jirgi. A takardar aurensa ko wasiyyarsa magatakarda yakan rubuta garin da aka haife shi da sunayen iyayensa. Da sunan wannan gari ne za a shiga rajistocin cocin Bizkaia da Gipuzkoa da Araba, waɗanda aka saka fihirisarsu har zuwa 1900 a intanet, a nemo baftismarsa, inda sau da yawa limamin ya ambaci kakanni huɗu da garuruwansu. Idan aka yi dace ginin yana tsaye, zai yiwu a tarar da wani iyali daban a ciki, rajista ta san su da wani suna, maƙwabta kuma suna kiran su mutanen Etxeberria.